DARASIN LAFIYA: MU SAN SUNAYEN CUTUTTUKAN TAƁIN HANKALI



Idan hatsi ya lalace, manomi ba ya zuwa wurin malamin gona ya ce «gona ba lafiya» ya yi shiru. Yana faɗin abin da ya gani. Ko fara ce ta sauka, ko ƙuduji ne ya shaƙe gero, ko murzuna ce ta shiga zangarniya. Kowane da sunansa, kowane da maganinsa. Wanda ya fesa maganin fara don ya kashe ƙuduji ya yi asarar kuɗinsa, hatsi kuma bai tsira ba.

To amma idan hankalin mutum ya taɓu, kalma ɗaya ce ke zuwa bakinmu: hauka. Mai faɗuwa mu ce mahaukaci. Mai sambatu cikin masassara mu ce mahaukaci. Tsohuwar da ta manta hanyar gida mu ce mahaukaciya. Alhali cututtuka ne dabam-dabam, maganinsu ma dabam-dabam ne.

A wani zagaye da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, mun tarar wata cibiya ta mata ta rasa ɗalibarta mafi ƙoƙari. Muka tambayi dalili. Aka ce ta faɗi a cikin aji tana karkarwa, kumfa na fita daga bakinta. Mata suka watse don tsoron kada miyau ya taɓa su. Tun daga ranar aka soma ce mata mahaukaciya, ta daina zuwa. Abin da ke gare ta farfaɗiya ce, ciwon da ba a ɗauka, mai magani kuma. Rashin sanin suna ya raba ta da karatu.

Saboda haka darasinmu na yau a kan sunaye yake. Za mu kawo sunan kowane ciwo da hausa, da sunan da za ku ji a bakin likita, wanda ya fito daga faransanci. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a shekara ta 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ɗaya daga cikin cututtukan hankali. Ke nan da wuya a sami zuri'ar da abin bai shafa ba.

1. RUƊEWAR MASASSARA

Likita yana ce mata konfiziyo. Mun sa ta farko domin ita ce ke kisa da sauri. Mutum yana lafiya jiya, yau jikinsa ya yi zafi, yana sambatu, bai san inda yake ba, bai gane iyalinsa ba. Sau da yawa masassarar cizon sauro ce ta hau ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, musamman idan wuya ya sandare. Ƙasarmu ta ga annobar sanƙarau mai tsanani a shekara ta 1995 da kuma 2015.

Alama biyu za mu riƙe: zafin jiki, da ruɗewar da ta zo farat ɗaya. Idan suka haɗu, a kai mutum gidan likita a ranar, ko da dare ne. Kwana ɗaya na jira yana iya zama sanadin rai.

2. FARFAƊIYA

Likita yana ce mata efilefsi. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Mai farfaɗiya ba mahaukaci ba ne: idan faɗuwar ta wuce, hankalinsa yana dawowa daidai. Abin da ke kawo ta ya haɗa da wahalar haihuwa, da buguwa a kai, da sanƙarau, da masassarar da ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ta ta miyau, ko numfashi, ko cin abinci a ƙwarya ɗaya.

Idan mutum ya faɗi a gabanmu:
– mu janye shi daga wuta, da ruwa, da bakin rijiya;
– mu sa zane a ƙarƙashin kansa;
– mu kwantar da shi a kan gefensa don miyau ya fita;
– kada mu sa cokali ko icce a bakinsa, kada mu danne shi;
– kada mu ba shi ruwa sai ya farfaɗo sarai.

Idan karkarwar ta wuce minti 5, ko tana dawowa a jere, a tafi gidan likita. Mace mai ciki da ta yi jijjiga, ita ma a gaggauta kai ta.

Mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya. OMS ta ce 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan suna shan maganin da ya dace. Ɗaya daga cikin magungunan shi ne fenobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal. Tun shekara ta 1912 ake amfani da shi. Ana shan shi kullum, ba a barin shi farat ɗaya.

3. CIWON DAMUWA

Likita yana ce masa defiresiyo. Kowa yana baƙin ciki idan aka yi rasuwa ko damana ta ƙi. Wannan halin rayuwa ne, yana raguwa da lokaci. Ciwon damuwa kuwa yana zama kullum, har mako 2 ko fiye, yana hana aiki. Mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da. Ba barci, ba cin abinci, ba ƙarfin jiki. Yana ganin kansa ba shi da amfani. Da yawa ba su cewa «ina baƙin ciki». Sai su ce kai na ciwo, ƙirji na zafi, jiki ya mutu.

Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Haɗarinsa babba shi ne mutum ya kashe kansa. Idan ɗan uwa ya ce «gara in mutu in huta», mu zauna mu tambaye shi a fili. Tambaya ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita.

Manoma, ga abin da ya shafe mu kai tsaye. OMS ta ƙiyasta cewa kusan 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari na gona suke sha. Mu kulle maganin feshi a wuri mai makulli, nesa da ɗakin kwana.

Ana magance wannan ciwo da zantawa da masani, wani lokaci da ƙwaya. Ƙwayar ba ta aiki nan take, sai bayan mako 2 zuwa 4. Ana ci gaba da shan ta watanni bayan an ji sauƙi.

4. CIWON FARGABA

Likita yana ce masa anksiyete. Tsoro ne ba tare da abin tsoro a gaba ba. Gaba na faɗuwa, zuciya na bugawa da sauri, gumi na zuba, numfashi na sarƙewa. Mutum yana jin kamar mutuwa ta zo, a auna shi a tarar zuciyarsa lafiya.

Akwai kuma firgitar da ke biyo bayan masifa, kamar harin ƴan bindiga, ko gobara, ko haɗarin mota. Likita yana kiran raunin da masifar ta bari tiromatisim. Abin da ya faru yana dawo wa mutum cikin mafarki, ƙaramin motsi ya razana shi. Kada mu ce masa «manta kawai». Mu saurare shi idan yana son magana, kada mu tilasta masa. Idan abin ya wuce wata 1 bai ragu ba, a nemi likita.

5. BABBAN TAƁIN HANKALI

Wannan shi ne abin da aka fi kira hauka. Likita yana ce masa sikoz. Irin wanda yake daɗewa ana kiran shi sikizofireni. Fiye da mutum miliyan 20 ne ke da shi a duniya, ya fi farawa lokacin samartaka. Ga kalma biyu da za ku ji:

– Halusinasiyo: jin muryar da ba wanda ya ji, ko ganin abin da ba wanda ya gani.
– Delir: yarda da abin da ba haka yake ba, ba a kuma iya fid da mutum daga kai. Misali, ya ce ana sa masa guba a fura, ko ya ce rediyo da shi yake magana.

Ciwon yakan soma a hankali. Saurayi ya daina zama da abokai, ya daina wanka, yana dariya shi kaɗai. A nan ya kamata a kai shi, tun bai shiga daji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magani na farko mai kwantar da wannan ciwo, Largactil, an soma amfani da shi a asibitin Paris a Faransa a shekara ta 1952. Akwai Haldol, akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Wani lokaci maganin yana sa barci, ko sandarewar jiki, ko rawar hannu, ko dalalar miyau. Idan haka ta faru a koma wurin likita ya gyara. Kada a jefar da maganin. Yawancin masu wannan ciwo ba su cutar kowa. Su ne ma aka fi cuta da jifa da duka.

6. CIWO MAI HAWA DA SAUKA

Likita yana ce masa bifoler, wato mai ɓangare biyu. Wani lokaci mutum ya hau sama: ba ya barci amma bai gaji ba, magana ba tsayawa, yana ganin kansa sarki ko attajiri. Yana iya sayar da sansa na noma ya rabar da kuɗin a kasuwa rana ɗaya. Wannan hawan ana ce masa mani. Bayan makonni sai ya faɗa cikin damuwa mai nauyi. Tsakanin biyun yakan zama lafiya lau. A gaya wa likita labarin hawan da na saukar duka, domin maganinsa dabam yake da na ciwon damuwa.

7. CIWON MAI JEGO

Mata da yawa suna kuka ba dalili a kwanakin farko bayan haihuwa. Wannan yana wucewa kafin mako 2. Idan ya zarce, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Akwai kuma mai tsanani, wanda ke samun mace 1 ko 2 cikin 1000: mai jego ta daina barci, ta ruɗe, ta ce jaririn ba nata ba ne. Kada a zage ta, kada a ce ba ta son ɗanta. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri. A kai ta gidan likita da gaggawa. Da magani, mafi yawansu suna warkewa.

8. KAMUN ƘWAYA

Likita yana ce masa toksikomani ko adiksiyo. Jiki ne ya saba da abin maye har ba ya iya zama sai da shi: tramol, tabar wiwi, giya. Samari suna shan tramol don su yi noma ba gajiya. Yau ƙwaya 1, wata mai zuwa 3. Tramol yana sa mutum ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Wiwi yana iya tayar da sikoz ga wanda jikinsa ke da saurin kamuwa. Duka da kora daga gida ba su raba yaro da ƙwaya. Likita ya san yadda ake rage ta sannu-sannu har a bari.

9. JINKIRIN GIRMAN HANKALI

Likita yana cewa defisiyansi. Yaro ne da ya makara wajen zama, da tafiya, da magana, yana koyon abu da wuya. Daga cikin sanadinsa akwai wahalar haihuwa, da sanƙarau, da tamowa, da rashin sinadarin iyod a abincin uwa. Ba ƙwayar da ke ƙara hankali. Abin da ke taimakon yaron shi ne koyarwa da haƙuri, abu ɗaya bayan ɗaya: cin abinci, sa riga, ba dabbobi ruwa. Mu daina kiran shi wawa ko dolo. Rigakafi kuwa shi ne awon ciki, da haihuwa a gidan likita, da allurar rigakafi, da gishiri mai iyod.

10. GIGIN TSUFA

Likita yana ce masa demansi. Irin da ya fi yawa sunansa Alzheimer. Tsoho ya manta ya ci abinci, ya manta sunan jikokinsa, ya fita da dare ya ɓata. Ƙwaƙwalwa ce ke raunana. Ba kowane tsoho ke yin haka ba. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare tana maganganu ba mayya ba ce, maras lafiya ce. Har yanzu ba maganin da ke warkar da shi. Abin da take bukata shi ne kulawa, da tsaro daga wuta da rijiya, da tausasa murya.

SU WA KE MAGANI?

– Majo ko likitan CSI: shi ne ƙofar farko. Yana duba masassara da sauran ciwon jiki, ya ba da takardar zuwa gaba idan da bukata.
– Sikiyatar: babban likitan taɓin hankali. Yana gano ciwo, yana rubuta magani. Sashen da yake aiki shi ne sikiyatri.
– Sikolog: masanin halin ɗan Adam. Aikinsa saurare da zantawa.
– Nerolog: likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, mai duba farfaɗiya.

A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen sikiyatri, wanda aka sani da Pavillon E. A babban asibitin Damagaram ma akwai. Likitan CSI zai gaya muku wurin da ya fi kusa da ku.

ABIN DA ZA MU GAYA WA LIKITA

Ba mu ne za mu yanke sunan ciwo ba, aikin likita ne. Namu shi ne mu ba shi labari daidai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke kwana da maras lafiya shi ya kamata ya raka shi. Kafin tafiya mu rubuta amsar waɗannan a takarda:

1. Yaushe abin ya soma? Farat ɗaya ko a hankali?
2. Akwai zafin jiki? Ya bugu a kai?
3. Yana barci? Yana cin abinci?
4. Me yake faɗi, me yake yi wanda ba halinsa ba?
5. Yana shan ƙwaya, ko wiwi, ko giya?
6. Wane magani aka ba shi, na likita ko na gargajiya?
7. Ya taɓa maganar kashe kansa?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita kafin ya rubuta mata magani. Mu adana karne da ordonansi. Mu kiyaye ranar randebu, ko da mutum ya ji sauƙi. Yawan komawar ciwo daga barin magani yake zuwa. Kada mu sayi waɗannan magunguna a tebur ko hannun mai talla, sai a farmasi.

TURU DA MARI

Mun san abin da ke sa iyali su ɗaure ɗansu: tsoro, da gajiya, da rashin sanin wata hanya. Amma turu ba ya magani. Yana cin ƙafa, ya bar miki, ya ƙara wa mutum tsoro da fushi. Duka da horon yunwa su ma haka. Idan maras lafiya ya tayar, a kore taron ƴan kallo, a kawar da wuƙa da gatari. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya yi masa magana a hankali, sannan ƴan uwa su raka shi gidan likita.

A shekara ta 1954 wani likita ɗan Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya gwada wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da ƴan uwansu, da rana suna zuwa asibiti karɓar magani. Aikinsa ya nuna wa duniya cewa zama cikin jama'a yana taimakon magani.

Da yawa daga cikinmu suna fara zuwa wurin malam ko boka, suna cewa iskoki ne ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa gidan likita, zuwa gidan likita kuma bai hana addu'a ba. Abin da muke roƙo shi ne kada a jinkirta, kada kuma a tsayar da maganin likita.

Ɗalibar nan da muka ambata, mijinta ya kai ta gidan likita bayan an yi masa bayani. Tana shan ƙwayarta kowane dare. Ta koma aji. A bayan littafinta tana rubuta ranar duk da ta faɗi, ta nuna wa likita idan randebu ya zo.

Ranar 10 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar hankali ta duniya, tun shekara ta 1992. Amma kada mu jira ta. Mu karanta wa maƙwabta wannan darasi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Waɗanne alamu biyu ne ke sa a kai mutum gidan likita a ranar?
2. Faɗi abu uku da ake yi wa mai farfaɗiya idan ya faɗi, da abu biyu da ba a yi.
3. Mene ne bambancin baƙin cikin rasuwa da ciwon damuwa?
4. Mene ne aikin sikiyatar? Mene ne aikin sikolog?
5. A ina kake ajiye maganin feshi a gidanka?

AIKIN RUBUTU: Kowa ya rubuta sunayen cututtuka goma a littafinsa, na hausa a hagu, na likita a dama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.